Filin Tambaya da Amsa: Hutu a Las Vegas ga Wanda Ba Ya Caca

A watan nan wasiƙu uku sun iso mana daga masu karatu a Legas, dukkansu a kan gari ɗaya, saboda haka muka haɗa su wuri guda, muka taƙaita tambayoyin domin amsa ta samu fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Agege, ina sayar da kayan waya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. A watan Janairu zan halarci baje kolin kayan fasaha na CES a Las Vegas, biza ta samu, kuma ina so in ƙara kwana huɗu tare da maiɗakina da yaranmu biyu, ɗan shekara 15 da 'yar shekara 9. Yayana ya ce babu komai a garin sai caca da giya. Shin akwai abin da iyali za su kalla, ko kuwa in bar su a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yayanka bai yi wa garin ƙage ba, sai dai bai ba ka labarin duka ba. Jihar Nevada ta Amurka, inda garin yake, ta halatta caca a dokarta tun shekarar 1931, kuma da wannan kuɗi aka raya gari a tsakiyar hamadar Mojave. Tun daga filin jirgin sama na Harry Reid za ka fara cin karo da injinan caca, kafin ma ka ɗauki jakarka. Hukuncin caca a addini sananne ne, kuma batun dacewar kai iyali irin wannan wuri magana ce da ya kamata ka yi da malaminka, domin wannan fili ba na fatawa ba ne. Abin da zan iya gaya maka shi ne yadda aka tsara garin, saboda wanda ya san tsarin yana iya kwana huɗu bai taɓa injin caca ba, wanda bai sani ba kuwa zai ratsa ta gidan caca sau goma a yini ba da niyya ba.

Manyan otal-otal ɗin suna jere ne a kan titi guda da ake kira Strip, mai tsawon kusan kilomita 7, wato ya ɗara rabin gadar Third Mainland. Yawancinsu an gina su ne ta yadda hanyar zuwa ɗakin kwana da wurin cin abinci da ƙofar fita duk sai ta bi ta tsakiyar zauren caca, inda da wuya ka ga agogo ko taga, kuma a mafi yawansu an yarda a sha taba. Ba kuskuren magini ba ne, da gangan aka yi. Doka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin caca ko tsayawa a wurin, don haka yara suna iya wucewa tare da babba amma ba za a bar su su tsaya kallo ba. Shawarata ta farko, kuma ita ce ta fi sauran muhimmanci, ka kama masauki a otal da babu gidan caca a cikinsa. Akwai su, kamar Vdara da Signature, kuma ɗakunansu suna da ɗan wurin girki, abin da zai rage muku wahalar abinci. Ka kama ɗaki da wuri, domin a makon baje kolin farashi yana tashi matuƙa, kuma ka tambayi jimillar kuɗin tun farko, saboda kusan kowane otal a titin yana ƙara wani kuɗi na dole a kan kowane dare da sunan more kayan otal, ban da haraji. Ni kaina wani otal ya taɓa cajina kuɗin lemon da ban sha ba, don kawai na ɗaga kwalbar daga ƙaramin firijin ɗakin na mayar, ashe akwai na'urar da ke lissafa duk abin da aka motsa. A ja wa yara kunne a kan wannan.

Abin kallo kuwa, mafi kyawunsa ba a biyan ko kwabo. A gaban otal ɗin Bellagio, wanda aka buɗe a 1998, akwai tafki da ruwa ke tsiri sama yana rausaya tare da kiɗa da fitilu, duk rabin awa da rana, duk minti 15 da dare, a cikin otal ɗin kuma akwai lambun furanni da ake sauya wa fasali sau biyar a shekara. A Venetian an haƙa magudanan ruwa a cikin gini ana tuƙa kwale-kwale kamar a birnin Venice na Italiya, otal ɗin Paris yana da hasumiyar Eiffel mai rabin tsayin ta Faransa, Luxor kuma dala ce irin ta Masar. Duk kwaikwayo ne, kuma bayan kwana ɗaya ido yana ƙoshi da shi. Sabon abin da ya cancanci a tsaya a kalla shi ne Sphere, wani ƙaton gini mai siffar ƙwallo da aka buɗe a 2023, tsayinsa mita 112, jikinsa gaba ɗaya allon hoto ne. Ga 'yar shekara 9 akwai gidan kifaye na Shark Reef a Mandalay Bay. Ku yi wannan yawo da rana ko da farkon magariba, ku koma masauki kafin dare ya yi nisa, domin a lokacin ne titin ke cika da mashaya, da masu raba katunan batsa, da masu shigar dodanni da za su ɗauki hoto da yaro sannan su nemi kuɗi.

A ganina kwana biyu daga cikin huɗun a wajen gari ya kamata ku yi su. Madatsar ruwa ta Hoover tana kan kogin Colorado, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. An gina ta tsakanin 1931 da 1936, tsayinta mita 221, kuma ana shiga da baƙi su ga injinan da ke samar da lantarki. Yaron da ya karanta labarin Kainji a makaranta zai ƙaru da ita fiye da duk fitilun Strip. A yamma da gari akwai Red Rock Canyon, jajayen duwatsu da titi mai kilomita 21 ya kewaya, sai dai daga Oktoba zuwa Mayu ana kama lokacin shiga ta intanet kafin a je. Idan kuna da ƙarfin tafiyar awa biyu da rabi, ɓangaren yamma na kwazazzabon Grand Canyon yana ƙasar ƙabilar Hualapai, inda a 2007 suka buɗe wata gadar gilashi da ta zarce bakin dutse, kogi yana can ƙasa da nisan fiye da mita 1,000. Kada sunan hamada ya ruɗe ku, domin a Janairu sanyin dare yana sauka zuwa digiri 4 ko ƙasa da haka, ya fi hunturun Jos, don haka a tafi da rigunan sanyi masu kauri.

Game da salla, akwai masallatai a garin, daga ciki akwai Masjid As-Sabur da masallacin Juma'a na ƙungiyar Musulmin Nevada da ke titin Desert Inn, amma ba a kan Strip suke ba, sai an hau mota. Alƙibla a can tana kusan arewa ne da ɗan karkata zuwa gabas, abin da ke rikita wanda ya saba fuskantar gabas a Agege, saboda haka a duba manhajar waya kafin a shimfiɗa darduma.

Tambaya: Ni uwa ce a Idi-Araba. 'Yata da ke karatu a Amurka za ta kai ni Las Vegas a watan Yuli idan na je ganinta. Ba na cin naman da ban san wanda ya yanka ba. Me zan ci, kuma zan iya tafiya da kilishi da dambun nama?

Amsa: Hajiya, bari in fara da kilishin domin kada a yi asara. Jami'an kwastan na Amurka ba sa barin matafiyi ya shiga da nama daga Nijeriya, ɗanye ne ko busasshe, kuma kilishi da dambu duk nama ne a wurinsu. Idan kin bayyana shi za su karɓe ne kawai, idan kuwa kika ɓoye aka gano, akwai tara. Busasshen yaji da makamantansa galibi ana barin su, amma a bayyana duk abincin da ke cikin jaka.

A garin kuma akwai gidajen abinci na halal na 'yan Pakistan da Indiya da Turkiyya da Larabawa, inda za ki samu shinkafa da gasasshen nama da gurasa da ba su yi nisa da abin da harshe ya saba ba, kuma akwai shagunan nama na halal. Yawancinsu suna wajen Strip, kuma sun fi arha. Garin ya yi suna da irin abincin nan da ake biyan kuɗi sau ɗaya mutum ya ɗebi abin da yake so, mafi shahara shi ne Bacchanal na Caesars Palace, ko da yake da yawa daga irinsu sun rufe tun lokacin annobar korona. Ban ba ki shawarar zuwa ba, domin kuɗinsa yana da yawa, kuma wadda za ta tsallake nama kaf ta tsaya a kan kifi da ganye ta biya kuɗin abin da ba ta ci ba. Inda babu halal, kifi da ƙwai da kayan lambu sun wadatar, amma a yi tambaya biyu kafin a ci: ko an sa naman alade ko kitsensa, domin suna barbaɗa shi har a cikin wake da salak, da kuma ko an dafa da giya, domin tana shiga miya da romo. Masu kawo abinci sun saba da irin wannan tambaya, ba abin kunya ba ne. Ki kuma sani cewa tukuicin mai kawo abinci a can kamar wajibi yake, daga kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin.

Abin da ya fi damuna a tafiyarki shi ne watan da aka zaɓa. A Yulin 2024 zafin Las Vegas ya kai digiri 49, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a garin, kuma wuce digiri 40 a wannan wata ba labari ba ne. Zafin ba irin na Legas ba ne mai jiƙa riga da gumi, busasshe ne irin na bazarar Sakkwato, mutum yana ƙafewa bai sani ba. Ki riƙa yawo da gorar ruwa, ki fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, kuma kada ki yarda a ce miki wancan otal ɗin ga shi nan kusa, domin girman gine-ginen yana yaudarar ido, abin da ake gani kamar jifa ne sai a yi minti 20 ana tafiya. Akwai bas mai hawa biyu da ake kira Deuce da ke bin titin dare da rana, da sanyi a cikinta.

Tambaya: Malam, ni matashi ne a Mile 12. Na ga bidiyon mutane suna dirowa daga saman wata doguwar hasumiya a Las Vegas, wasu kuma suna cikin lilo a bakin ginin. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta?

Amsa: Gaskiya ne, ƙanena. Hasumiyar ita ce Strat, wadda aka buɗe a 1996 da sunan Stratosphere, tsayinta mita 350, wato ya ninka na ginin NECOM da ke Marina har da ɗoriya. Masu dirowar ba faɗowa suke yi haka kawai ba. Ana ɗaure mutum da igiyar ƙarfe daga hawa na 108, inji yana sarrafa saurin saukarsa, yana gudun kusan kilomita 64 a awa, sannan ya rage kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Lilon da ka gani shi ne X-Scream, wanda ke tura kujeru su zarce bakin ginin da kusan mita 8 su tsaya cak, mutum yana kallon motoci a ƙasa kamar tururuwa. A can ƙololuwa kuma akwai Big Shot, mai cilla mutum sama mita 49 cikin ƙiftawar ido sannan ya sake shi. Wannan na ƙarshen na hau shi sau ɗaya, kuma duk addu'ar da na haddace tun makarantar allo sai da na karanta ta kafin a kwance mini ɗamara.

Wanda bai kai nan ba yana da jirgin wasa mai gudu a kan dogo da ya kewaye otal ɗin New York-New York, yana kaiwa kilomita 108 a awa yana kifa mutum, kuma ba a ɗaukar wanda tsawonsa bai kai santimita 137 ba. A tsohon gari, a titin Fremont, akwai SlotZilla, inda ake rataye mutum a igiya ya zame ta saman taron jama'a a ƙarƙashin wata rumfa ta allon hoto. Na iyali shi ne High Roller, babban lilo mai siffar ƙafar keke da aka buɗe a 2014, tsayinsa mita 167, yana da ɗakunan gilashi 28, kuma yana ɗaukar rabin awa kafin ya zagayo, a hankali ƙwarai har tsohuwa ma tana iya shiga, sai dai a zaɓi ɗakin da ba a sayar da giya a cikinsa. Alhajinmu na Agege kuma yana iya kai yaransa Adventuredome na Circus Circus, filin wasa ne a cikin rufaffen gini. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon baya, da mace mai juna biyu, an rubuta musu gargaɗi a ƙofar kowane lilo mai tsanani, kuma kuɗin asibiti a Amurka ba abin da baƙo zai tunkara ba ne ba tare da inshorar tafiya ba.

Kafin ka fara tara kuɗin jirgi, ka hau mota zuwa gandun dajin Lekki ka bi gadar igiyar nan mai tsawon mita 401 da ke lilo a saman itatuwa. Inda ta fi tsayi ba ta kai mita 23 ba. Ka tsaya a nan ka leƙa ƙasa, ka rubuto mana yadda gwiwoyinka suka yi, sannan mu yi maganar hawa na 108.