Amsa: Tsohuwar cocin Petäjävesi ta cancanci a je?

Malam, ka ce kana Jyväskylä a ƙasar Finland, kana tambaya ko cocin Petäjävesi ta kai a ɓata mata yini. Ni dai na ce ka je, tafiyar kusan kilomita 30 ce kawai.

Kada ka sa ran ganin katafaren gini. Ƙaramar cocin Lutheran ce ta ƙauye, da gungumen itacen pine aka gina ta tsakanin 1763 da 1765. Jaakko Leppänen, maginin gari, shi ya ɗauko tsarin cocin duwatsu na Turai, siffar gicciye da ƙubba mai kusurwa takwas a tsakiya, ya fitar da shi da katako zalla. Jikansa ya ƙara hasumiyar ƙararrawa a 1821.

Idan ka shiga, tsaya gaban mumbarin. Sassaƙen Waliyyi Kiristofa ne ke ɗauke da shi, aikin hannu mai kauri, ba a goge shi sumul ba, kuma nan kyansa yake.

A 1879 aka gina sabuwa aka bar wannan, shi ya sa ba a taɓa ta sosai ba. UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1994. Ka je lokacin zafi, don ba na'urar ɗumama ɗaki a ciki.