Zauren Tambaya: An Saki Kod ɗin Generals, To Mai Gidan Gem Me Zai Samu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan gidan gem a Unguwar Rogo, nan Jos. Yara dai ƙwallo suke bugawa a PlayStation, amma ina da tsofaffin kwamfutoci huɗu da na haɗa su da juna da waya, manyan samari suna buga wasan yaƙin nan Generals a kansu da daddare. Wani kwastoma ya ce min kamfanin ya saki kod ɗin wasan, wai yanzu ya zama na kowa da kowa. Da gaske ne? In da gaske ne, ni da ban iya rubuta kod ba me zan ƙaru da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar kwastomanka akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ya ƙara mata gishiri.

A watan Fabrairun 2025 kamfanin Electronic Arts ya ɗora kod ɗin tsofaffin wasannin Command & Conquer a GitHub, shafin da masu rubuta kod suke ajiye aikinsu: na farkon da ya fito a 1995, da Red Alert, da Renegade, da Generals na 2003 haɗe da Zero Hour, duka a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda yake ba kowa damar karanta kod, ya gyara shi, ya raba. Kod shi ne rubutun da ma'aikatan kamfani suka zauna suka yi da hannunsu, wanda mutum zai iya karantawa ya gane. Abin da ke cikin kwamfutocinka an riga an juya shi zuwa yaren na'ura, ba mai iya bin sa layi-layi cikin sauƙi. Rubutun nan kaɗai aka saki. Hotunan tankoki, da muryoyin sojoji, da kiɗa, da taswirori, har gobe na kamfani ne, kuma sai kana da wasan na halal za ka yi amfani da abin da aka gina daga kod ɗin. Saboda haka kada wani ya kwafa maka a filashi ya ce ai yanzu kyauta ne.

Ka tuna Fijo 504. An daɗe da daina haɗa ta a Kaduna, amma ba ta mutu da wuri ba, domin duk bakaniken da ka samu a Farin Gada ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Masu yi wa Generals kwaskwarima sun shekara ashirin da ɗoriya suna aiki a kan motar da bonet ɗinta yake a kulle. Fenti da kujeru suna hannunsu: ƙarfin tanka, da kuɗinta, da saurinta duk suna rubuce a fayilolin INI da kowa zai iya buɗewa ya canza, kuma da haka aka yi ShockWave da Contra da Rise of the Reds, waɗanda na tabbata samarinka sun san su. Inji ne ba su iya taɓawa yadda suke so. Yanzu an miƙa musu makulli.

Bari in ba ka misalin da ya taɓa aljihunka. Ka san saƙon nan na Mismatch da yake faɗowa ana tsakiyar yaƙi, wasa ya tsaya cak, samari su miƙe suna cewa a mayar musu da kuɗinsu? Dalilinsa shi ne ba hoton yaƙin ake aikawa ta wayar da ka haɗa ba. Umarni kawai ake aikawa, wane ya tura tanka nan, wane ya gina bariki can, sai kowace kwamfuta ta lissafa yaƙin gaba ɗaya da kanta. Lokaci-lokaci suna gwada lissafinsu da juna, in aka samu saɓani ko na ƙwayar zarra, shi ke nan an tashi. A da maganin da ake ba ka duk lalube ne cikin duhu: sake saka wasan, cire wannan, kashe wancan. Yanzu mai ilimin abin zai iya bin lissafin har inda ya karkace, ya gyara shi daga tushe, gyaran ya iso gare ka ba tare da ka rubuta ko harafi ɗaya ba. Haka batun faɗuwar wasan a sabuwar Windows, haka batun bugawa ta intanet, wanda hanyarsa ta asali ta mutu tun 2014 da aka rufe GameSpy, dandalin da yake haɗa masu wasan da juna, masoya wasan suka yi ta ɗinke-ɗinke don su ci gaba da haɗuwa.

Amma kada ka yi gaggawa. Kod ɗin da aka saki ba cikakke ba ne, an cire sassan da kamfanin ya yi haya daga wasu, irin su Miles mai kula da sauti da Bink mai kula da bidiyo. Sai an nemo madadinsu an ɗora. Haka aka yi da wasan harbin nan Doom a Disambar 1997: John Carmack na id Software ya saki na Linux ne kawai, saboda ɓangaren sautin na DOS mallakar wani ne. Ba a jima ba mutane suka cike giɓin da kansu, kuma ga shi wasan da aka yi a 1993 don kwamfuta mai ƙwaƙwalwar megabait 4 yana tafiya a wayar da ke aljihunka.

Shawarata: duk sabon gyaran da ka gani, gwada shi a kwamfuta ɗaya tukuna, da rana, kafin kwastomomi su zo. In ya yi, ka saka iri ɗaya sak a duka huɗun, domin bambancin siga shi kansa yana jawo Mismatch. Ka sauke daga shafin masu aikin kai tsaye, ban da fayil ɗin da ake yawo da shi a guruf na WhatsApp. Akwai kuma masu cewa buɗe kod yana ƙara maguɗi, kuma ba ƙarya suka yi ba, an ga haka bayan an saki na wasan Quake a 1999. Sai dai wannan damuwar masu buga wasa da baƙi ce ta intanet. A shagonka mai maguɗi yana zaune ne inda hannu zai kai ga ƙeyarsa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, ina karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jos. Ina so aikina na shekarar ƙarshe ya zama mayar da wani tsohon wasa zuwa Hausa. Zai yiwu? Kuma in na gama zan iya sayarwa?

Amsa: Zai yiwu, ƙanwata, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi faranta min rai a wannan makon. Kada ki fara da Generals, ya yi miki girma a wata shida. Ki fara da Doom. Da yaren C aka rubuta shi, bai da yawa, kuma ba na jin akwai kod ɗin wasan da aka yi wa sharhi kamarsa.

Ki buɗe fayil mai suna d_englsh.h. Duk saƙonnin da suke fitowa a saman allo suna jere a ciki, kuma kusa da shi za ki ga d_french.h, wato tun asali an bar ƙofar wani harshe. Kafin a saki kod, masu kwaskwarima da wata manhaja suke aiki mai suna DeHackEd, wadda take sassaƙar fayil ɗin wasan kai tsaye, kuma ba ta barin sabon rubutu ya wuce gurbin tsohon sai da ɗan kaɗan. Ki auna wannan da Hausa, inda abin da Bature zai faɗa da gajerun kalmomi uku mu sai mun ja shi. Da haka aka tsaya, da sai dai ki yi ta gutsure jimla har ta daina ma'ana. A 1998 wata ƙungiyar masoya mai suna TeamTNT ta fitar da Boom daga kod ɗin da aka saki, ta cire wannan takura tare da wasu iyakokin injin da suka daɗe suna hana a gina manyan filaye.

Inda za ki sha aiki shi ne haruffa. A Doom kowane harafi ɗan ƙaramin hoto ne a cikin fayil ɗin WAD mai ɗauke da hotunan wasan, kuma ba wanda ya zana ɓ da ɗ da ƙ a Texas a 1993. Ke za ki zana su, ɗigo-ɗigo, ki tabbata lanƙwasar ƙ tana fitowa a harafin da tsayinsa bai kai ɗigo goma ba. GZDoom, ɗaya daga cikin jikokin wancan kod, ya san Unicode, tsarin da ya tattaro haruffan harsunan duniya, don haka zai karɓe su in kin ba shi. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa babi guda a rahotonki.

Batun sayarwa: GPL, wanda kod ɗin Doom ma yake ƙarƙashinsa, bai hana ki karɓar kuɗi ba, amma ya wajabta miki ki ba duk wanda ya karɓi manhajarki kod ɗin gyaran da kika yi, a kan lasisin nan dai. Hotuna da sunan Doom kuwa ba naki ba ne. Mafita ita ce Freedoom, inda masu sa-kai suka zana komai sabo suka bar wa jama'a. Sai dai ki sani wasan harbi ne, akwai jini da dodanni, ki fara jin ra'ayin malamin da ke duba aikinki. In ya yamutsa fuska, ga Micropolis, wato SimCity na 1989, wasan gina gari da tara haraji da jan wutar lantarki. An saki kod ɗinsa a 2008 saboda shirin One Laptop per Child, shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta da aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. An canza masa suna ne don kamfani ya riƙe sunan asali. Yaron da zai ga gari yana kukan rashin wuta da Hausa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kuma kada wani ya ce miki wasa kike yi. Samuel Villarreal ya fara ne da farfaɗo da Doom 64 don sha'awa, daga baya injin da ya gina ya zama abin da kamfanin Nightdive yake sabunta tsofaffin wasanni da shi.

Tambaya: Malam, to na ƙwallo fa? Yaushe za a saki nasu mu saka Plateau United da Kano Pillars yadda ya kamata? Na ji ma akwai na GTA a intanet. Daga Gangare.

Amsa: Na ƙwallo kada ka sa rai, abokina. Kowace shekara ake sayar da sabo, kuma sunayen 'yan wasa da rigunan kulob duk hayar su aka yi da kuɗi masu yawa. Canza suna da riga ba ya buƙatar kod, 'yan Brazil sun daɗe suna yi wa na PlayStation 2 haka da Bomba Patch. Abin da ba za ka iya taɓawa ba shi ne yadda gola yake tunani.

Na GTA da ka ji labari ba kamfani ne ya bayar ba. Wasu ne suka warware GTA III da Vice City suka sake rubuta su, kamfanin Take-Two ya maka su a kotu a 2021, aikin ya sauka daga GitHub. Wanda aka sato daga kamfani kuma ya fi wannan haɗari. Kafin ka zuba lokacinka a kan kowane kod, ka nemi fayil ɗin lasisi a cikinsa, ka duba kuma ko daga shafin mai wasan ya fito. In babu, ka bar shi inda ka gan shi.