Ku Tambayi Baba Malamin Lissafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗalibi ne a kwalejin ilimi, NCE nake yi ɓangaren lissafi, abokaina kullum sai tsokanata suke wai na zaɓi aikin da ba kuɗi kuma yara sun tsani mai yinsa. Kai da ka koyar har ka yi ritaya, don Allah akwai daɗi a cikinsa kuwa? Daga wani ɗanka a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Maganar kuɗi kam ba zan ruɗe ka ba, albashin malami bai taɓa kai darajar aikinsa ba kuma abin yana min ciwo har gobe. Amma daɗi? Kai, in don dariya ce wallahi ban san aikin da ya kai aji ba.

Ni na fara riƙe alli ne lokacin UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, muna fitowa da takardar shaidar malanta ta Grade II aka watsa mu ƙauyuka saboda yara sun yi yawa malamai sun yi kaɗan, wani ajin ma a gindin bishiya yake, allon kuwa sai mun goge shi da baƙin tsohon batir kafin ya karɓi rubutu. Mu da fam da sule aka koya mana lissafi, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, ga sisi ga taro a tsakani, to da naira ta zo a 1973 komai ya koma goma-goma sai muka ga ai an yi wa yaran baya gata. Ashe su ma da tasu rigimar.

Ina koya musu ɗebewa, na ce in na sama bai kai ba sai ka aro ɗaya a wajen maƙwabcinsa, muka yi ta yi har sati ya zagayo, sai wata 'yar ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu fuskarta a murtuke ta ce Malam kullum sai aro muke a wajen bawan Allahn nan, yaushe za mu biya shi? Wani kuma na ce masa ka ranta wa mutum naira goma ya biya huɗu saura nawa, ya yi shiru ya ce Malam wane ne mutumin, don in kawuna ne ko huɗun ma ba zai biya ba. Da na koma sakandare muka zo kan lissafin kuɗin ruwa, wani zaƙaƙurin almajiri ya ajiye biro ya naɗe hannu ya ce shi fa ba zai sa hannunsa cikin riba ba. Ban yi masa faɗa ba don yaron da gaskiyarsa yake magana, na dai ce masa to in ba ka iya lissafa ta ba ta yaya za ka gane ranar da aka cusa maka ita a takardar bashi? Ya ɗauki birosa, ya ci duka tambayoyin, amma sai da ya rubuta A'uzu billahi a saman takardar.

Irin waɗannan yaran ne wasu ke cewa ba su da kai. Ƙarya ne. Yarinyar da ke tallan gyaɗa tana ba mutum biyar canji a lokaci guda ba ta kuskure ko sisi, ita ce za ta zauna a aji ta yi zuru, saboda tambayar da Turanci ta zo kuma ga bulala a kan tebur. Tsoro da harshe ne ke kayar da yaranmu. Ka riƙe karatunka ɗana, kuma ka gaya wa abokan naka cewa tun ƙarni na 18 Katsina ta fitar da masanin lissafi, Muhammad al-Kashnawi, wanda ya yi rubutu kan jera lambobi a gidajen hatimi yadda ta ko'ina ka tara jimla ɗaya za ta ba ka, a Alƙahira ya rasu. Ba baƙon ilimi ka ɗauko ba.

TAMBAYA: Baba Malam barka da hutawa. 'Yata tana SS2 amma da ta ga lissafin ɓangare sai kuka, ga WAEC na matsowa kuma an ce ba kiredit a lissafi ba jami'a. Ya zan yi da ita? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana ita. Da farko a daina ce mata daƙiƙiya ko da wasa, har yayyenta a ja musu kunne. Sannan ki fara mata da abin da kunnenta ya saba ji a Islamiyya, wato rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya, matar tana da sumuni, ɗaya bisa takwas, uwa tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Ki zubo wake ki ce ta nemo adadin da zai rabu takwas kuma ya rabu shida ba tare da an fasa ƙwaya ba, za ta lalubo 24 da kanta, mata ta ɗau 3, uwa ta ɗau 4, saura 17 na 'ya'ya. To wannan 24 ɗin shi ne LCM ɗin da ke sa ta kuka, ba wani dodo ba ne. Na sha yin haka a aji, har wani yaro ya taɓa tashi a fusace ya ce shi bai yarda ba an cuci uwargida, sai da muka sake ƙirga waken a gabansa.

In ta kama wannan ki wuce da ita zakka, ɗaya cikin arba'in, daga nan kashi cikin ɗari zai zo mata da sauƙi. Kullum bayan la'asar ta yi tambaya biyar kacal daga tsofaffin takardun WAEC da NECO, ta riƙa faɗa miki da Hausa abin da tambayar ke nema kafin ta taɓa biro, ko da ke ba ki yi boko mai nisa ba sauraron kawai ya isa. Kalkuleta kuma a ɓoye ta tukuna har sai jadawalin sau ya zauna mata zuwa sha biyu. Ki sake rubuto min bayan hutun zango in ji inda aka kwana.