Kafin Ka Tsoma Yadin Wani a Marinarka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kai da abokanka kun shuka baba, ganyen rinin shuɗi, a gefen hawashar mahaifin ɗayanku, wato gonarsa ta ban ruwa, ba takin zamani ba feshi, kuna so ku riƙa fitar da tufafin da babu algus a cikinsu tun daga gona har jikin mai sawa. Ka ce kuma wani ɗan kasuwa ya yi muku tayin kawo farin yadi mai yawa ku rina masa, kana tambaya ko ku karɓa. Na so in yi shiru, domin ku yaran yanzu sai kun gama yanke shawara a waya kuke neman babba, amma tambayarka ta fama mini wani tsohon miki.

Fiye da shekara 20 ke nan wani mutum ya zo mini nan Maiwurno ta ƙasar Sudan daga Umdurman da turmi 40 na farin yadi, ya ce damuriya ce zalla, wato yadin auduga saƙar hannu, irin na garin Shandi. Ya kwana a zaurena, ya ci tuwon gidana, ya bi ni sallar asuba. Na shafa yadin na ji laushinsa, sai kunya ta hana ni bincike, alhali ni ne mutumin da ake kawo wa zare daga nesa domin in faɗi asalinsa. Na zuba baban da na tara shekara guda a rami biyu, da toka da katsi, wato dagwalon tsohon rami da aka ƙona, na jira ruwan ya nuna. Da na ɗaga tsomin farko ya fito kore, iska ta buge shi ya juya shuɗi kamar yadda aka saba, amma da ya sha iska sai na ga fari yana leƙowa tsakanin zare da zare kamar furfura a gemu. Na mayar da shi sau shida, farin nan bai gusa ba. Ashe zaren tsaye ne kawai auduga, abawar da aka gitta masa haɗin roba ce, ita kuwa roba ba ta shan baba ko da za ta shekara a rami.

Da ya dawo, a gaban jama'a ya ɗaga murya cewa na lalata masa dukiya. Aka kai magana gaban dattawa, ba ni da shaida, ba ni da takarda, ban karɓi ko sisi na kafin alƙalami ba. Aka ce in biya rabin kuɗin yadin domin a zauna lafiya. Na sayar da saniyar da yarana ke shan nononta na biya, ya kwashe kayansa bai ba ni ladan rini ba, daga baya na ji ya sayar da su da tsada, yana cewa sabon yayi ne. Har yau ban yafe masa ba.

Ashana ɗaya da ta tsare ni daga wannan duka. Ka zaro zare daga tsaye da kwance, daga tsakiyar turmi, domin maha'inci bakin yadi yake gyarawa, sannan ka ƙona. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take yi, ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Batun wanke sitaci kafin tsomi da yadda ake juya rami ba zan ɓata tawada a kansa ba, wanda bai san wannan ba bai kai ya tambaye ni ba.

Ku da kuke tallar gaskiya, haɗarinku ya fi nawa. Tun da Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta a 1897, mai saye ba ya iya bambanta shi da na gona da ido, maganarku kawai yake saye. Idan kuka rina robar wani da babanku mai tsarki, sunanku ne zai faɗi. Ban ga dalilin jiran yadin baƙo ba, kuna zaune kusa da yankin noman Jazira, inda tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ake noman auduga mai dogon gashi, aka daɗe ana kwasarta ɗanya zuwa masaƙun Ingila. Ku nemi manomin da kuka ga gonarsa da idonku, ku kai wa tsofaffin matan da ba su manta da kaɗi ba, ku biya su haƙƙinsu ba tare da ja-in-ja ba. Aikin zai yi jinkiri, na kuma san haƙuri ya yi muku ƙaranci. Shuka baban dai kun yi daidai, domin yana gyara ƙasa kamar yadda wake ke yi.

Idan kun nace sai kun yi da ɗan kasuwan da ya yi muku tayi, ya ajiye rabin kuɗi a gaban shaidu biyu, a rubuta. Ranar Juma'a bayan an sauko ka zo mini da ƙyalle daga tsakiyar turmi na uku, wanda kai ka zaɓa da hannunka, ni zan ƙona shi.