Hukuncin Ɗaukar Hoto Don Sha'awa da Sauya Fuskar Aboki Don Barkwanci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sha'awar ɗaukar hoto ne, nakan fita da kyamara in ɗauki tsuntsaye da faɗuwar rana, wani lokaci har mutane. A gida kuma ina sassaƙa wa yarana 'yan dabbobi da katako. Sannan ina da manhaja a waya da nake sauya hotunan abokaina, in ƙara wa wani girman kai ko in ɗora fuskarsa a jikin dabba, in tura zaurenmu a yi dariya. Wani ya ce mini duk mai hoto ɗan wuta ne, hankalina ya tashi. Me shari'a ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, abin da ya fi tayar maka da hankali shi ne mafi sauƙi cikin ukun, wanda ka ambata a ƙarshe kuwa shi ya fi buƙatar ka tsaya ka duba.

Wanda ya yi maka maganar yana da madogara. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya ce masu yin sura su ne mafi tsananin azaba ranar alƙiyama. Wani mai wannan sana'a ya zo wa Ibn Abbas, sai ya gaya masa za a tilasta wa mai sura ya hura mata rai, kuma ba zai iya ba; in ya zama dole ya yi, to ya yi itace da abin da ba shi da rai. Don haka hoton faɗuwar rana ba ya cikin maganar sam.

Saɓanin yana kan mai rai. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto a Faransa, shi ya sa magabata ba su yi magana a kanta ba. Shehu Bin Baz, wanda ya rasu a 1999, ya hana sai da larura kamar ta fasfo. Muftin Masar Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya halatta, ya ce tsare inuwa ne kawai, kamar abin da ake gani a madubi. Shehu Ibn Usaimin ma ya ce ɗaukar hoto da na'ura ba ta shiga wancan hadisi, hukuncinta yana bin manufar mai ɗauka, ko da yake ya tsananta a kan ajiye hotuna don tunawa. Ni na fi natsuwa da halasci. An hana sura ne saboda kwaikwayon halittar Allah da toshe ƙofar girmamawa mai kai wa ga shirka. Mai kyamara bai ƙaga ido ko baki ba. Haske ne ya sauka a kan tsuntsun, ya dawo ta gilashin kyamara ya zauna. A mazhabar Malikiyya ma, surar da ta haramta ita ce ta mai rai, mai jiki da inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Sai dai kada ka ɗauki al'aura, kada ka ɗauki mutum a ɓoye, domin aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane.

Sassaƙa kuwa tana da jiki da inuwa, amma an yi rangwame a kan kayan wasan yara. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga doki mai fikafikai cikin kayan wasan Nana A'isha, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fikafikai, ya yi dariya bai hana ta ba. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ma ta ce sukan yi wa yara abin wasa da ulu don su shagala ranar azumin Ashura. Muddin dokinka yana hannun yaro, yana ja yana yarwa, babu laifi. In za a jera shi a falo don ado, to ka cire kan, ko ka sassaƙa mota da jirgi.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka. Musulunci bai hana raha ba. Wani ya roƙi Annabi (SAW) abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa? Ya ce, akwai raƙumin da ba taguwa ce ta haife shi ba? An yi dariya, ba a yi ƙarya ba, kuma ba a zubar da mutuncin kowa ba. To auna hoton da ka ɗora fuskar abokinka a jikin jaki da wannan ma'auni. Allah ya ce a aya ta 11 ta Suratul Hujurat kada wasu mutane su yi wa wasu izgili, ya kuma ce a Suratul Isra'i ya karrama 'yan Adam. Nana A'isha ta taɓa nuni da gajartar Safiyya kawai, Annabi (SAW) ya ce ta faɗi kalmar da in an gauraya ta da ruwan teku za ta gurɓata shi. Kalma ke nan da ta wuce a ɗaki ɗaya, ina ga hoton da ke yawo daga waya zuwa waya? Kuma a nan hannunka ne ya tsara siffar da Allah bai halitta ba, don haka uzurin madubi ya faɗi.

Za ka ce ai shi ma ya yi dariya. Na sha ganin mutum yana murmushi a cikin jama'a alhali zuciyarsa tana ƙuna, don kada a ce ba ya ɗaukar wasa. Bayan haka, hoto ba ya zama inda aka ajiye shi. Mutum ɗaya ya tura waje, sai ya kai ga matarsa, ko ɗansa ya gan shi a hannun 'yan ajinsu.

Abin ya fi muni idan an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira aka sa masa maganar da bai faɗa ba, ko aka nuna shi a wurin da bai je ba. Wannan ƙage ne, kuma Annabi (SAW) ya ce bone ya tabbata ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya, har ya maimaita. In wasan ya taɓa salla ko Alƙur'ani ko wata alamar addini, ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba sun nuna imanin mutum ne ke cikin haɗari.

Abin da ya halatta shi ne gyaran haske da launi, ko ƙarin da ba ya muzanta mutum, kowa ya san wasa ne, kuma mai hoton ya gani ya yarda kafin a tura. Waɗanda ka riga ka yi na muzantawa, ka goge su daga wayarka, ka roƙi 'yan zauren su goge. Sannan ka sami kowane abokin shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ka nemi ya yafe maka, domin haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

Wallahu a'alam.