Katunana a Marvel Snap Sun Ƙi Haɗa Kai

Tambaya: Malam, na tara katuna masu ƙarfi a wasan kati na Marvel Snap amma kullum cinye ni ake yi, ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, kati 12 ne kawai, zagaye 6, dole kowanne ya ɗaga ɗan'uwansa. Fara zuba ƙanana masu farashi 1 (farashi shi ne makamashin da ake kashewa wajen sauke kati), Squirrel Girl ma tana jefa maka kurege a sauran wurare biyun cikin ukun da ake zuba kati, zagaye na 4 ka sauke Ka-Zar ya ƙara musu ƙarfi 1, na 5 Blue Marvel ya sake ƙara wa kowa, gaskiya ni wannan haɗin na fi so. Amma in abokin karawarka ya sauke Killmonger zai share duk masu farashi 1, sai ka ajiye Armor inda ka fi tara su, don tana hana a share katunan da ke wurin da take.