Filin Maharba: Ƙotar katako ko ta roba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina farautar gyazbi da gada a dazuzzukan Asante. Ƙotar bindigata ta katako ce, da damina takan kumbura, da hunturu kuma ta riƙa girgiɗi. Abokai sun ce in sauya ta da ta roba. Wacce ta fi? Daga wani maharbi a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ka faɗi irin bindigarka ba, alhali a nan amsar take rabuwa biyu. Idan mai baki ɗaya ce lamba 12, wadda ke watsa ƙwayoyin dalma, irin da yawancin maharbanmu ke riƙewa, ka bar katakonka ka gyara shi. Harbinka bai wuce mita 30 zuwa 35 ba, ƙwayoyin kuma suna bazuwa, don haka ɗan motsin katako ba zai ɓata maka saiti ba. Idan kuwa raifil ce mai harsashi guda da ake harbi da ita daga mita 100, roba mai ƙarfi ta fi dacewa da yanayinmu.

Kumasi tana samun damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan busasshiyar iskar hunturu ta sauko a Disamba. Katako yana shan laima ya kumbura kamar ƙyauren ɗaki da ke ƙin rufuwa da damina. A raifil, katakon da ke ƙarƙashin bututu in ya kumbura sai ya tokare ƙarfen, harsashi ya kauce daga inda ka saita. Da ya bushe sai ya tsuke, notocin da suka ɗaure shi su yi sako-sako. Girgiɗin da kake ji ke nan, kuma harbi da bindiga a wannan hali shi ke tsaga ƙota a wuya, daidai inda hannu ke kamawa bayan kunama.

Ruwan ba ta gefen da ke sheƙi yake shiga ba. Yana bi ta wuraren da ba a shafa wa komai ba: ƙarƙashin farantin gindi, cikin kwarin da bututu ke kwanciya, da ramukan notoci. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka kwance ƙotar, ka ajiye ta a inuwa mai iska kamar mako guda. Kada ka shanya ta a rana ko kusa da murhu, za ta tsage. Ka goge wuraren nan da sanfefa mai laushi, ka shafa dafaffen man linsid da ake samu a shagunan fenti, shafi sirara, bayan minti 20 ka share rarar. Ka ba shi awa 24, ka maimaita sau huɗu ko biyar, ka rufe da kakin zuma. Tsumman da ka yi aikin da shi ka baza shi a waje ya bushe, domin in aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa.

Man bindiga na ƙarfe ne, yana ruɓar da katako. Ka riƙa jingine bindigar baki ƙasa don kada man ya tsiyaya cikin wuyan ƙota.

Roba ba ta shan ruwa, gara ba ta cinta, amma ba duka ce ta gari ba. Mai araha fanko ce, gabanta yana lanƙwasa, da ka ɗora ta a kan reshe ko ka ja maratayi sai ta taɓa bututu, matsalar da ka gudu ta dawo. Kafin ka biya, ka matse gaban da hannu, in ya taɓa ƙarfe ka bar ta. A raifil ɗin da aka ƙera bututunta ba ya taɓa ƙota, ka zura takardar kuɗi ta sidi a tsakaninsu, ya kamata ta wuce ba tare da ta maƙale ba. Roba tana kuma ƙara in ƙaya ko reshe ya buge ta, gada kuwa kunne gare ta. Cusa soso a cikin gindin yana rage wannan. Rashin nauyinta yana daɗi a doguwar tafiya, sai dai kafaɗa ce ke biya, domin bindiga marar nauyi ta fi naushi. Abin da ya fi cutar mutane shi ne sakaci: ruwa yana kwanciya tsakanin roba da ƙarfe, tsatsa ta ci bututun daga ƙasa mai shi bai sani ba. Duk ranar da ruwa ya dake ka, ka kwance ka share ka shafa mai.

TAMBAYA: Malam, ƙotata ta karye gaba ɗaya. Kafinta zai iya sassaƙa mini wata da katakon gida? Daga Asawase.

AMSA: Zai iya, kuma wannan ne babban fifikon katako a wurinmu, don karyayyiyar roba ba ta ɗinkuwa. Ka nemi katakon maɗaci ko na tik wanda ya bushe sosai. Ka guji katakon da ake kira wawa, ya cika taushi, noti ba ya zama a cikinsa. Ka tsaya a kan kafintan ya yanka yadda jijiyar katakon za ta bi tsawon wuya ba ta gicciye shi ba, kuma daga kunama zuwa gindi ya zama santimita 34 zuwa 36 gwargwadon tsawon hannunka. Ka kai masa tsohuwar ƙotar kawai a matsayin samfuri, ƙarfen ya zauna a gida tare da lasisinsa. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, sa'ad da hukumar kula da namun daji ke rufe farauta.